Baffana da Agwagin da Ba Su Tashi

Daga Allah muka zo, kuma Baffa ya riga mu komawa.

Ina cikin aji a makarantar da nake koyarwa a Jega, da alli a hannuna, maigidana ya leƙo ta taga. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba, don haka tun kafin ya buɗe baki na ajiye allin. Ya ce, "Ɗauko mayafinki, Liba za mu." Ban tambaye shi komai ba sai da muka fita gari. A bayan babur, iska na dukan fuskata, na ce, "Inna ko Baffa?"

Ya ce, "Baffa. Ya dawo masallaci da sahe, ya ce ƙirjinai ya yi nauyi, ya kwanta. Shi ke nan."

Mun iske an gama yi masa sutura. Na samu na durƙusa a gefensa na ɗan lokaci kafin maza su ɗauka. Hannunsa nake so in gani, amma an riga an rufe.

Kwana uku muna karɓar gaisuwa. Yawancin fuskokin sun gauraye mini, amma mutum uku ba zan manta da su ba.

Ta farko wata tsohuwa ce daga Sabiyal. Ɗan kabu-kabu ya sauke ta a ƙofar gida, ta shigo ba ta gaida kowa ba, ba ta kalli tabarmar da aka shimfiɗa mata ba. Ta ratsa mata ta wuce bayan gida, inda kududdufin agwagi yake, sai kukanta muka jiyo. Da ta fito ta zube gaban Inna, matar Baffa, ta ce, "Wa za ya zo ya duba man su yanzu?" Matan da ke wurin suka kalli juna. Ni da Inna kaɗai muka san abin da take nufi.

Na biyu tsohon malamin aikin gona ne, Kirista, mutumin kudu, wanda aiki ya kawo Maiyama tun yana saurayi har ya yi furfura a nan. Ya bi gawa har maƙabarta ya tsaya daga gefe. Bayan an dawo ya nemi izini, ya cire takalmi tun daga zaure, ya tsuguna nesa da Inna. Ya ce, "Mama, ni na karanta abin a takarda, amma mijinki ne ya san shi." Ya tashi ya fita da takalminsa a hannu.

Na ukun ban ga fuskarsa ba, muryarsa na ji ta bayan zana. Yana cikin 'yan kasuwar albasa da suka zo daga Aliero saboda mahaifina. Bayan an shafa fatiha sai ya rage murya ya ce, "Allah sarki, mai agwagi ya tahi. Ko da su za a yi sadakar ukku?" Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Ba da mugunta ya faɗa ba, na sani. Haka garin nan ya ɗauki Baffa tun ina ƙarama, dattijo mai kirki wanda ya ɓata rayuwarsa a kan tsuntsun da wasu ko ci ba sa yi. Wannan dariyar ce ta sa na ɗauki biro.

Baffa wan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Allah bai ba shi haihuwa ba. Da aka yaye ni, mahaifina ya ɗauke ni ya miƙa wa Inna, na tashi a ɗakinta. A lokacin gidajen biyu suna jere a Liba, kuma lambun mahaifina yana bayan katangar Baffa.

Agwagin na kakata ne, mahaifiyarsu. Da ta rasu aka raba 'yan kayanta, babu wanda ya so su, Baffa ya kwaso. Irin na gida ne da kowa ya sani, baƙaƙe, sirara, da jan nama a fuska. Matan cikinsu kuwa tashi suke yi, ka ga agwagwa a kan katanga ko a kan rumbu kamar tantabara.

Ina da wajen shekara shida aka yi faɗa tsakanin Baffa da mahaifina. Hayaniyar na tuna, sauran Inna ce ta cika mini bayan na girma. Mahaifina ya yafa irin albasa, ya fito kore shar, siriri kamar gashi. Ya ba shi ruwa da safe ya tafi. Agwagi suka tsallaka katanga suka faɗa cikin fangali huɗu, suka yi ta cusa baki a laka har suka mayar da wurin taɓo. Mahaifina ya shigo gidanmu ba sallama, riƙe da guda ɗaya ta wuya, ya jefa ta gaban wansa.

"Yaya, ga ta nan. Irin da na raina wata guda, dube abin da sunka yi mai."

"Yi haƙuri. Zan yanke masu fiffike."

"Bara ma haka kac ce. Fiffike tsirowa shikai. Ka yanke su duka ko ka kai su kassuwa."

Baffa ya ce, "Na tsohuwarmu na."

"Tsohuwarmu ta tahi, ni ina nan da iyali. Wallahi in na ƙara ganin guda cikin lambuna, ɗiyata zan ɗauke. Ba ta zama gidan da anka hi son tsuntsu da ɗan'uwa."

Inna ta ce ranar Baffa bai ci abinci ba. Washegari ya shiga bayan gida da faifai, ya jefa shi tsakiyar agwagin. Duk wadda ta firgita ta hau katanga, ya kama ta ya ɗaure. Ya yi haka kwana uku a jere. Waɗanda ya ɗaure ya rarraba wa maƙwabtan nesa, wasu aka yanka. Saura uku suka rage, toro ɗaya da mata biyu, masu nauyin jiki, waɗanda ko an kore su sai dai su ruga a ƙasa. Bai iya rabuwa da abin mahaifiyarsa ba, bai kuma iya rabuwa da ni ba. Sai ya ƙudura zai samar da agwagwar da ba ta tashi. Daga waɗannan ukun komai ya fara.

Agwagwa ba ta sake tsallaka katangar nan ba. Mahaifina bai taɓa cewa ya lura ba. Da kasuwar albasa ta buɗe masa ya koma Aliero da iyalinsa, ya bar ni inda nake. Yakan zo da salla, su gaisa a zaure, su tambayi juna gida da gona. Bai taɓa wucewa bayan gida ba, Baffa kuma bai taɓa ce masa ya zo ya gani ba.

Da farko rashin tashi kawai Baffa yake nema, amma abin ya ja shi inda bai zata ba. Masu nauyin sai suka riƙa jan ciki a ƙasa, ƙirjinsu ya yi gyambo, in sun hau kwanci su fasa ƙwai. Ya koma neman masu ƙarfin ƙafa. Ƙafa ta yi tsawo, jiki ya koma siriri, wata ta sake hawa rumbu. Yakan ce, "Ka gyara ƙirji, ƙahwa ta ɓaci. Ka gyara ƙahwa, uwa ta ƙi kwanci." Yana faɗa yana murmushi, kamar mai ba da labarin ɗan da ya gagare shi.

A hankali siffar da yake so ta zauna a kansa. Ƙirji mai faɗi, cike, ba mai tsini ba. Gadon baya dogo, shimfiɗaɗɗe. Ƙafafu gajeru masu kauri, a tsakiyar jiki daidai, yadda ciki ba zai taɓa ƙasa ba. Fiffike ƙarami, manne da jiki. Jan naman fuska kaɗan, don ya lura masu yawansa idonsu kan rufe in sun tsufa. Launi bai dame shi ba, amma da shekaru suka tura sai yawancinsu suka zama farare da baƙin tabo a ka, kamar sun sa hula.

Ba da ido yake zaɓe ba. Zai ɗauki agwagwa ya danne ta a hammatarsa ta hagu, ya rufe ido, ya bi ƙashin ƙirjinta da yatsu daga sama har ƙasa. Ya auna bayanta da taƙi. Ya sa yatsu tsakanin ƙafafunta. Sannan ya sauke ta, ya buɗe ido, ya bi ta da kallo har ta shiga ruwa. In ta yi masa, sai ya ciro zare daga aljihu ya ɗaura mata a ƙafa. Akwai ja, akwai baƙi, akwai shuɗi, kowane da gidan da yake nufi. Bai rubuta komai ba. Ka nuna masa kowace, zai gaya maka uwarta da kakarta da toron da ya haife ta, da halin kowannensu.

Ranar kasuwar Jega yakan shiga layin masu kaji, ya bi agwagin mutane ɗaya bayan ɗaya yana lalubawa, ido a rufe. Na taɓa raka shi, wani mai kaji ya ce, "Baba, in ba saye za ka yi ba, bar taɓa man kaya."

Ya ce, "Ba saye ni kai ba, gaisawa mukai."

Ranar kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina jin kunyar agwagin nan, gara in faɗi gaskiya tunda ba ya nan balle in ɓoye masa. A makaranta ɗiyar agwagwa ake ce mini. In na wuce, 'yan ajinmu su bi bayana suna rangaji hagu da dama. Na dawo gida da kuka wata rana na ce ya rabu da su. Yana dama dusa a kwatanniya, bai ɗago ba. Ya ce, "Su masu kwaikwayon, wa yaf fi iyawa?" Na faɗi sunan yarinyar. Ya ce, "Ki ce mata ta ƙara buɗe ƙahwa, namu ba haka su ka tahiya ba." Na fashe da dariya da hawaye a fuskata. Haka yake kashe magana.

Ina sakandare malamin aikin gona ya shigo rayuwarsa. Labari ya kai masa cewa akwai wani dattijo a Liba da agwaginsa suka bambanta da na kowa, ya zo gani, ya zama ɗan gida. Shi ne ya kawo wa Baffa wasu fararen agwagi daga gonar makarantarsu, masu rawayan baki da kwakwazo, irin da ba mu saba gani ba. Ya ce a haɗa su da namu a gani.

'Ya'yan da aka samu ban taɓa ganin irinsu ba. Girma kamar ana hura su, ƙirji kamar faranti, tashi kuwa ko a mafarki. Baffa ya sayo goro ya raba a masallaci, mutane suna tambaya ko wani abin alheri ne ya samu, ya ce ƙwarai kuwa. Yana ganin ya iso.

Sai dai ƙwai ya ƙi. Kaɗan suke yi, kuma ko an sa wa uwa mai kyau, a yi kwana talatin da biyar, a yi arba'in, shiru. In an fasa, wari. Ya canza uwa, ya canza akurki, ya canza abinci. Damina biyu yana wannan fama. Rannan da hantsi malamin ya zo, ya kafe babur, ya zauna a kan turmin da ke kife, ya kasa haɗa ido da kowa.

Ya ce, "Baba, laifina ne. Na je na bincika. Waɗannan da naku ba jinsi ɗaya ba ne. Kamar doki da jaki ne, abin da suka haifa alfadari ne. Kyau da ƙarfi, amma ba za su taɓa haihuwa ba, komai aka yi musu."

Inna tana daka, sai ta tsayar da taɓarya. Nan malamin ya tuna a wane gida yake wannan magana, na ga kunyar ta rufe shi. Don ya gyara sai ya yi sauri ya ce, "Amma namansu yana da kyau. A yanka su kawai, kada su ci gaba da cin dusa a banza."

Baffa ya juya ya dubi agwagin. Su tara ne, suna kwance a inuwar darbejiya. Ya ce, "Su zauna. Ba su sunka zaɓa ba."

Suka zauna kuwa. Ya keɓe musu gefe, yana ba su abin da yake ba sauran, har tsufa ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ya koma kan 'yan gidan da suka rage masa, ya ɗora daga inda ya tsaya, shekara biyu sun tafi. Bai taɓa yi wa malamin gori ba. Ni kuma daga ranar ban sake jin kunyar agwagin Baffa ba.

Da suka yi yawa sai ya fara bayarwa. Ba kowa yake ba ba. Matan da mazansu suka rasu suka bar su da yara, da waɗanda aure ya mutu suka dawo gida, su yake nema. Toro ɗaya da mata biyu, a kwando, a bayan kekensa. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a bari baƙon toro ya shiga cikinsu. Bayan 'yan watanni zai taka keken nan har Sabiyal ko Maiyama ya duba, ya lalube 'ya'yan, ya ce wannan a bari, wannan a sayar, wannan a yanka wa yara. In ya ga wadda ta burge shi, sai ya roƙa kamar ba shi ya ba da iyayenta ba. Tsohuwar nan ta Sabiyal da agwagin Baffa ta raini marayu biyar. Ta ce bai taɓa shan ko ruwa a gidanta ba, daga bakin ƙofa yake tsayawa a miƙo masa agwagin.

Shekarar da na yi aure aka ƙyanƙyashe toron da ya kira Jirgi. Tun yana ɗan wata uku Baffa ya daina barin kowa ya ɗauke shi. Da ya cika girma, in yana tafiya bayansa ba ya karkata, kamar kwalekwale a ruwan da ba iska. Baffa ya ce mini, "Shekara ashirin ina ganin wanga cikin kaina. Yau ga shi ƙasa shina tahiya."

Haihuwata ta fari ba ta zo da rai ba. Namiji ne. Aka kawo ni Liba wankan jego, hannu babu komai. Na zubar da jini da yawa, kuma na daina cin abinci. Inna ta yi kunun kanwa, ta yi farfesun kaza, ta aika aka samo kifi, duk in kawar da kai. Ina jin ta tana kuka a madafa. Baffa ba ya shiga ɗakin mai jego, sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ɗiyata, an tashi lahiya?" in amsa da ƙyar. Wata rana Inna ta matsa mini in faɗi abin da raina yake so. Don ta ƙyale ni na ce, "Da dai romon agwagwa ne, irin na da."

Da azahar ta shigo da kwano. Ƙamshin citta da masoro ya cika ɗakin. Na kurɓa sau ɗaya, na ƙara, na cinye. Kwana uku ana ɗumama mini shi. Daga nan bakina ya buɗe.

Sai da na yi ƙarfin fita na zagaya bayan gida. Matan agwagin duk suna kan ƙwai, ƙananan suna wasa a ruwa. Na duba inuwar darbejiya, na duba bayan akurki. Baffa yana tsugune yana wanke kwatanniya.

Na ce, "Baffa, ina Jirgi?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Ga shi nan tsaye bayana, shina tambayata."

Ashe a lokacin ya rarraba sauran torayen, babba ɗaya ne a gidan, kuma ba zai taɓa yanka uwa tana kwanci ba. Inna ta ce ta roƙe shi ya hau keke ya karɓo wani a Maiyama, ya ce kafin ya je ya dawo rana ta faɗi, kuma yarinyar nan yau ta ce tana so, gobe ba a san ko za ta ce ba. Da hannunsa ya yanka. Jirgi bai yi ko shekara ɗaya yana barbara ba. Ƙwan da ke ƙarƙashin matan nan su ne duk abin da ya bari. Na zauna a ƙasa ina kuka, ina cewa me ya sa. Ya ɗauraye hannunsa ya ce, "Tashi, ƙasa da sanyi, ke mai jego ta."

A 'yan shekarun nan idonsa ya yi rauni, keken ma ya gagare shi. Hannun ne bai gaza ba. Yakan ce saura kaɗan. Ƙirji ya zauna, ƙafa ta zauna, amma har yanzu a kowace ƙyanƙyasa akan sami biyu ko uku da suka koma siffar kakanninsu. Yana so ya ga zubi uku a jere babu ko ɗaya, sannan ya ce an gama. Ya ga biyu.

Ganina da shi na ƙarshe, na biyo ne a kan hanyar zuwa biki a Maiyama. Na sha sabon leshi da turare, ƙawayena suna jira a mota a ƙofar gida. Na same shi a bayan gida a kan 'yar kujerarsa, da wani matashin toro a hammata. Ya ji muryata fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Yawwa, zo ki kama wanga. Kawo hannunki in gwada maki wani abu nan ga ƙirjinai."

Na kalli ƙafafun toron, duk laka. Na kalli leshina. Na ce, "Baffa, ana jirana. In na dawo ranar Asabar sai ka gwada man."

Ya riƙe shi a miƙe na ɗan lokaci, sannan ya mayar da shi hammata. Ya ce, "To, Allah shi kai mu. Ki gaida amarya." Asabar ɗin ban zo ba, aka ce za a yi taron malamai. Ranar Talata maigidana ya leƙo ta taga.

Bayan an yi arba'in aka zauna rabon gado. Ba wani abu mai yawa ya bari ba, gida ne da gona da agwagi. Inna ta ce ita ba za ta bar ɗakinta ba, kuma in an bar mata tsuntsayen za ta ci gaba da ba su abinci. Sai dai akwai matsala. Matasan toraye biyu sun taso, sun fara faɗa har suna fitar wa juna jini, kuma dole a bar ɗaya a fitar da ɗaya. Baffa bai kai ga ɗaura wa kowannensu zare ba. Na kira malamin a waya, ya ce shi awo da sikeli ya sani, kuma ya auna su tun ranar sadakar uku, nauyinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya. Na ɗauke su da kaina, na rufe ido, na bi ƙirjin wannan na bi na wancan. Gashi na ji, da ɗumi, da bugun zuciya. Ban ma iya tuna wanne ne ya miƙo mini ba.

Ina cikin haka na ji takun mutum. Mahaifina ne, da farar rigarsa da sandarsa. Ya tsaya a bakin kududdufi yana kallo. Agwagin suna ta harkarsu, farare da baƙar hula, masu faɗin ƙirji, suna tafiya a natse.

Can ya ce, "Waɗanga jikokin na tsohuwarmu na?"

Inna ta ce, "Su na."

"Ba su yi kama da su ba ko kaɗan."

Na gaya masa abin da ake ciki. Ya jingine sandarsa ya ce in miƙo masa ɗaya. Bai iya riƙo ba, toron ya yi ta harbin iska har na gyara masa shi a hammata. Ya sa yatsunsa a ƙirjin, ya matsa nan, ya matsa can. Ya karɓi na biyun ya yi haka. Sannan ya juya ga Inna.

"Mi shika nema nan wurin?"

Inna ta ce, "Ni dusa ni kan kai mai. Ban sani ba."

Ya dube ni. Na girgiza kai.

Mahaifina ya durƙusa a hankali har ya zauna a ƙasa, da toron a ƙirjinsa. Ya ce, "Shekara talatin da wani abu. Kullum na zo, nan bayan zana shike, ina jin motsinai. Ban taɓa ce mai, Yaya, mi kaka yi ba." Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Ni da Inna muka tsaya a kansa, babu wadda ta iya ba shi haƙuri.

Ba mu zaɓa ba. Mun sa an ja zana a tsakiyar wurin, kowane toro da gefensa da matansa. Wataƙila a cikin biyun akwai wanda Baffa yake nufi, wataƙila kuma mun fara ɓata aikin tun daga ranar. Babu wanda zai gaya mana.

Ya Allah, bawanka ya zo maka ba ɗa ba jika. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da mahaifiyarsa a cikin rahamarka. Ka ba Inna juriyar zama a gidan da ba ya ciki. Mu kuma da muka bari sai da ya tafi muka zo da tambaya, ka yafe mana.